Ka baro Windows ka koma Mac? Ga abubuwan da za su fara ba ka haushi

Na fi shekara goma ina kan Windows kafin na sayi wata MacBook tokunbo, kuma wallahi a satin farko har na yi tunanin in mayar wa mai shago kayansa. Kan ka ya san abin da kake so ka yi, amma yatsunka sun riga sun saba da wani waje, sai ka ga kana ta danna Ctrl da C kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa.

To farkon abu, aikin da Ctrl ke yi maka a Windows, a Mac maɓallin Command ne ke yinsa, shi ne wanda ke gefen dogon maɓallin nan na ba da tazara. Command da C kwafi, Command da V liƙawa, Command da Z janye kuskure. Da babban yatsa ake danna shi, ba da ƙaramin yatsa ba, da ka gane wannan rabin wahalar ta tafi.

Sai jan ɗigon da ke saman taga ta hagu. Kai a zatonka ka rufe manhaja, ashe taga kawai ka rufe, ita tana nan a buɗe tana cin batir a ɓoye, kuma ka san a wajenmu da NEPA ke yin yadda ta ga dama caji ba abin wasa ba ne. In kana so ta rufe gaba ɗaya, Command da Q. In kuma ta sandare ta ƙi motsi, Command da Option da Esc, shi ne madadin Ctrl Alt Delete ɗinmu na da.

Finder shi ne inda fayilolinka suke, kuma nan ne na fi shan kunya. Ka zaɓi fayil ka danna Enter wai ya buɗe, sai ya ce ka canza masa suna! Buɗewa Command da O ne. Gogewa Command da Delete. Yanke fayil ka kai shi wani folda kuma babu shi yadda ka sani, sai dai ka kwafa da Command C, ka je inda kake so ka danna Command Option V, a nan ne zai tashi daga can ya dawo nan. Dannawar dama kuwa da yatsa biyu za ka danna faifan linzamin. In ka rasa inda wani abu yake kar ka tsaya lalube, Command da maɓallin tazara, ka rubuta sunansa Spotlight zai fito maka da shi.

Maganar hadis, wato hard disk na ajiye fayiloli, da filash fa sai an kula. Yawancin hadis ɗin da aka yi amfani da su a Windows tsarin NTFS suke, Mac za ta nuna maka abin da ke ciki amma ba za ta bari ka saka sabon abu ba. Ni na gano haka ne ranar da zan kai aiki bizines santa a buga min, ina ta jan fayil yana ƙin shiga ga lokaci yana ƙurewa. Maganin shi ne ka kwashe kayanka zuwa wani waje tukuna, sannan ka yi masa fomat zuwa exFAT a Disk Utility, wannan duka biyun suna karantawa suna rubutawa. Ka tabbata ka kwashe fa, fomat ba ya barin komai.

Manhajojin .exe da ka tara a filash ba za su yi aiki ba, kar ma ka ɓata lokacinka. Na Mac galibi .dmg ne, ka buɗe ka ja alamar manhajar ka jefa cikin Applications, shi ke nan. Word da Excel da Chrome duk akwai na Mac.

Ga mu masu rubuta Hausa, ƙ da ɗ da ɓ ba sai ka dinga kwafo su daga intanet ba. Shiga System Settings, Keyboard, ka ƙara ABC Extended a cikin Input Sources ka koma kansa, sai ka danna Option da Shift da aya tare, ka saki, ka danna k ko d ko b, harafin zai fito da lanƙwasarsa. In kuma Mac ɗin taka daga Ingila ta zo ka nemi # ka rasa, Option da 3 ne.

In ba ka riga ka saya ba kuma tokunbo za ka ɗauka, tun a shagon ka sa mai kayan ya goge ta a gabanka, ku haɗa ta da intanet, ka shiga da asusun Apple naka ka ga ta wuce ba ta nemi na tsohon mai ita ba, sannan ka tura kuɗi.