Babi na 4: Awon damtsen yaro don gane tamowa

Darasi na 1

Tamowa a hankali take cin yaro. Zai rame, haƙarƙarinsa su fito, fatar cinyarsa ta saki, ya daina wasa. Ido kaɗai ba ya isa, shi ya sa ake ba uwa tef ɗin awo mai launi uku: ja, rawaya da kore. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5.

Ki cire masa riga. Ki kama hannunsa na hagu. Ki lanƙwasa shi, ki taɓa ƙashin kafaɗa, ki taɓa gwiwar hannu, ki nemo tsakiyarsu. Nan ne wurin awo. Sai ki saki hannun ya miƙe.

Ki zagaya tef ɗin, ki zura bakinsa ta 'yar tagar da ke jikinsa, ki ja a hankali. A nan ake yawan kuskure, 'yar'uwa, kada ki damu, kowa da haka ya fara. Tef ya kwanta a kan fata, kada ya nutse cikinta, kada kuma ya yi lilo. Idan kika matse, lafiyayyen yaro zai nuna ja. Idan kika bar shi sako-sako, mai tamowa zai nuna kore, ki koma gida da shi hankalinki kwance, wannan ya fi haɗari. Kwance tef ɗin, ki sake. Ya kwanta, bai nutse ba, bai yi lilo ba? Madalla. Ki ƙara sau uku. Wasu suna ɗaurawa a kan riga don sauri. Haba! Rigar kike aunawa ko yaron?

Ja, wato ƙasa da santimita 11.5: asibiti yau, ba gobe ba. Rawaya, 11.5 zuwa 12.5: ki kai shi a duba. Kore: ki sake awo bayan wata guda.

Darasi na 2

Ki danna saman ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburi ne. Asibiti, ko da tef ya nuna kore.

Darasi na 3

Idan aka tabbatar yaron yana da tamowa a asibiti, za a ba ki abincin tamowa na leda, irin Plumpy'Nut, mai gyaɗa da madara. Ki ba yaron nono tukuna. Kada ki dama abincin da ruwa, kada ki raba wa yayyensa, kada ki kai kasuwa. Ki ba shi ruwa mai tsafta ya sha. Idan ya ƙi ci ko yana amai, ki koma asibiti.