Yadda ake gwada metformin a kan ƙwayoyin guringuntsi a ɗakin bincike

Metformin, sanannen maganin ciwon suga, yana kunna wani sinadari a cikin ƙwayar halitta mai suna AMPK. A gaɓar da amosani ya cinye guringuntsinta, aikin AMPK kan yi ƙasa, shi ya sa ake binciken ko maganin zai rage zaizayewar. Gwajin ba shi da wuya, amma ƙananan kurakurai kan sa a samu sakamako mai kyau a takarda wanda ba ya nuna abin da ke faruwa a jiki.

A samo guringuntsi daga gwiwar ɓera, ko daga wanda aka yi wa tiyatar sauya gwiwa, bayan amincewarsa da izinin kwamitin ɗa'a. A yayyanka shi kamar milimita 1, a wanke da ruwan gishirin PBS, a jiƙa a kolajines nau'i na II, sinadarin da ke narkar da shi ya saki ƙwayoyin, mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari a zafin digiri 37. Na ɓera kan narke cikin awa 4 zuwa 6, na mutum kan kwana. A tace da matacin maikromita 70, a shuka a ruwan reno na DMEM/F12 mai kashi 10 na FBS, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya. Kada a wuce dashe na biyu, wato karo na biyu na raba ƙwayoyin zuwa sabon mazubi. Daga nan ƙwayoyin kan miƙe su yi siriri kamar zare, su daina yin kolajin II, furotin ɗin guringuntsi, su koma kolajin I, sai ya zama ba ƙwayar guringuntsi ake gwadawa ba.

A lura da sugan ruwan reno. DMEM mai yawan suga yana da milimola 25 a kowace lita, alhali jinin mai lafiya yana kusa da 5.5, kuma yawan suga yana danne tasirin metformin a kan AMPK. A rubuta wanda aka yi amfani da shi, gara ma a gwada biyun.

Batun adadi shi ne inda aka fi tuntuɓe. Da yawa sukan zuba milimola 1 zuwa 5, amma abin da ke yawo a jinin mai shan maganin 'yan maikromola ne, ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Don haka a jera adadi daga milimola 0.01 zuwa 5. Wajen duba ko ƙwayoyin na raye, kada a dogara da gwajin launi na MTT kaɗai: metformin yana rage aikin mitokondiriya, injin samar da kuzari a ƙwayar, launin zai dushe ko da ƙwayoyin ba su mutu ba. A ƙirga su da tirifan bulu, rinin da ke shiga matattun ƙwayoyi, a tabbatar.

Rukuni huɗu ake buƙata: wanda ba a sa wa komai ba, mai IL-1β, sinadarin da ke jawo kumburi, kaɗai a nanogiram 10 a kowace mililita, mai metformin kaɗai, sai mai duka biyun. A zuba maganin awa 1 zuwa 2 kafin IL-1β, a bar su awa 24. A auna MMP-13 da ADAMTS5 masu cin guringuntsi, da kolajin II da agirikan masu gina shi. Don ganin AMPK da ya kunnu, a fasa ƙwayoyin a kan ƙanƙara da maganin hana fosfatas, sinadarin da ke goge alamar kunnuwar, in ba haka ba alamar ta ɓace kafin a kai ga aunawa. Rami uku na farantin reno daga mutum ɗaya samfuri ɗaya ne, sai an samu aƙalla masu bayarwa uku.

In za a wuce zuwa dabba, a ɗauki ɓeraye maza jinsin C57BL/6 'yan mako 10 zuwa 12, a yi musu tiyatar DMM, wadda ke sassauta gwiwa don jawo amosani, a duba gwiwar bayan mako 8. A tausasa ƙashin da sinadarin EDTA, domin asid na iya rage jan launin Safranin O, rinin da ke nuna guringuntsi. Mutum biyu da ba su san rukunin kowane samfuri ba su ba da maki na OARSI, ma'aunin lalacewar guringuntsi, daga 0 zuwa 6.