Kurakuran da aka fi yi wajen shigar da haɗaɗɗen littafi a ɗakin karatu na intanet

Duk wanda ya taɓa shigar da littafi a Open Library, ɗakin karatun da Internet Archive ta buɗe a 2006, ya san abu biyu ake rarrabewa: aikin da marubuci ya rubuta, da bugun da aka yi masa. Aiki ɗaya sai ya samu bugu goma. Inda ake yawan tafka ɓarna shi ne kundin da ya tattara littattafai da yawa cikin bango ɗaya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ɗauki irin wannan kundi a cusa shi ƙarƙashin littafin da ya zo farko a ciki. A ce wani maɗaba'i ya haɗa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam a kundi ɗaya. Mai shigarwa ya buɗe shafin farko, ya ga Ruwan Bagaja, sai ya ce ai sabon bugunsa ne. Shi ke nan Magana Jari Ce ta ɓace wa mai nemanta, ɗalibin da yake bincike a kan Ruwan Bagaja kuwa ya ci karo da bugu mai ɗaruruwan shafuka da ba nasa ba. Gyaran shi ne a buɗe wa kundin rajistarsa daban, da sunan da ke jikin bangonsa, sannan a cika gurbin abin da ke ciki, littafi bayan littafi yadda suka jeru. Wannan gurbi kam kada a bar shi fayau. In ba shi, ba yadda za a yi a san me aka tattara.

Amma fa a lura, ba kowane haɗaɗɗen littafi ne tarin ayyuka ba. Masu karanta littattafan Kano sun saba da labari ɗaya a rarrabe: na ɗaya, na biyu, na uku, daga baya a fitar da shi a dunƙule. Ni a ganina wannan aiki ɗaya ne, sai dai a rubuta lambar kowane kashi a fili, a kuma nuna cewa dunƙulallen ya ƙunshe su duka. Kafin ka taɓa komai, duba ka gani: za a iya karanta kowane kashi shi kaɗai a fahimta? In ba za a iya ba, to aiki ɗaya ne.

Sai shekara. Ruwan Bagaja ya fito a 1934, to amma kundin da ke hannunka ba a 1934 aka buga shi ba. Shekarar da ke bayan shafin take ita ce ta bugun.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane bugun littafi, ita ma tana jawo ruɗani, domin wasu kamfanoni kan ba kowane juzu'i lambarsa, su ba jerin gaba ɗaya wata lambar daban. Kwafe wadda ta dace da abin da kake riƙe da shi kawai. Tun daga Janairun 2007 lambobin 13 ne, kafin nan 10. Littattafanmu da yawa ba su da ita sam, kuma ba laifi a bar gurbin haka nan. Aro ta wani bugu shi ne laifin, don ita na'ura da zarar ta ga lamba ɗaya takan ɗauki littattafan biyu abu guda.

A diwanin waƙoƙi da tarin gajerun labarai kuma, sau da yawa sai ka tarar an naɗa wanda ya tattara a matsayin marubuci. Haƙƙin mai waƙa ne sunansa ya zauna a gurbin marubuci, mai tattarawa da mai fassara kowa a rubuta shi da aikin da ya yi. Kafin ka ƙirƙiri sabon marubuci, nemi sunansa da ƙ, ɗ, ɓ, ka sake nema da k, d, b, saboda yawanci yana nan tuni da ɗayan rubutun.