Kurakuran da ke kashe wasan kwaikwayo a dandali, da yadda ake gyara su

Da watan Fabrairu ya kama, makarantun Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, sai su kaure da gwajin wasan kwaikwayo, saboda bikin matasa na ranar 11 ga wata. Ana sauke wannan sai na mata a 8 ga Maris, sai kuma bikin ranar ƙasa a 20 ga Mayu. A tsakani ga ƙungiyoyin unguwa da ake ɗauka su yi wasan faɗakarwa kan kwalara ko rigakafi ko auren wuri. 'Yan wasa ba su yi mana kaɗan ba, kuma da yawansu Allah ya ba su baiwa. Inda gizo ke saƙar shi ne kusan kowa a finafinan Kano ya koyi wasa, a waya ko a talabijin, sai ya kwaso abin da aka tsara wa kyamara ya kawo gaban jama'ar da ke zaune a fili. Kyamara ita ke matsowa ta ɗauki hawaye da raɗa. Ɗan kallon da ya maƙale a layin ƙarshe kuwa, ba mai matso masa da komai. Yawancin kurakuranmu daga mantawa da shi suke tasowa.

A fara da murya, domin ita ce ke fara korar jama'a. Ɗan wasa yakan yi magana kamar yana hira a ɗaki, in an ce masa ba a ji, sai ya koma ihu daga maƙogwaro. Kafin a kai rabin wasa muryar ta dushe, balle lokacin hunturu da ƙura ta riga ta busar da ita. Ƙarfin murya daga numfashin ciki yake fitowa. Ka kwanta rigingine, ka ɗora littafi a kan cibiya, ka ja iska har littafin ya ɗaga, sannan ka sake ta a hankali kana ƙirga da ƙarfi. In ka tashi tsaye ka yi haka nan, kafaɗa ba ta motsi, ciki ne ke aiki. Amma ƙara kaɗai ba ta isa ba. Abin da ke ɓacewa a nesa shi ne baƙaƙe da ƙarshen kalma, musamman ɓ da ɗ da ƙ da ts, kuma mai ihu yakan murƙushe tsawon wasali da hawa da saukar murya, alhali da su Bahaushe ke rarrabe ma'ana. Maganin yana cikin wasan yaranmu na karya harshe: kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto. A riƙa yin sa kullum kafin gwaji, a hankali tukuna, sannan da sauri.

Sai batun makirfo guda ɗaya da ake miƙawa hannu zuwa hannu. Wannan, a ganina, ya fi rashin makirfon muni. Miji da mata na tsaka da faɗa, sai mijin ya gama zagi ya miƙa wa matar makirfo cikin ladabi don ta rama. Wa zai yarda da wannan faɗan? In akwai hali a kafa biyu ko uku a kan sanduna a bakin dandali, a tsara tsayuwa daidai da su. In babu, a ajiye shi, a nemi bango. Katangar aji ko ta gida a bayan 'yan wasa tana mayar da murya wajen jama'a, kuma a zaunar da 'yan kallo kusa, yara a tabarma, manya a benci, na baya a tsaye. Girkawa sun gina dandalin Efidawrus tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, ba lasifika, sai dabarar jera mazauni a gangaren tudu yadda kan wani ba ya tare wa wani. Janareto kuma a kai shi bayan gini da doguwar waya, kada a girke shi gefen fage yana gasa da 'yan wasa.

Kuskure na biye ya fi cin rai, don ba a gane shi sai ranar wasa: a yi wata guda ana gwaji a ƙuryar aji, sannan a fito filin da ba a taɓa takawa ba. Fagen wasa iri-iri ne, kuma kowanne da dokarsa. Akwai mai fuska ɗaya, inda 'yan kallo duk suke gaba, irin na zaurukan cibiyoyin al'adu, kamar cibiyar al'adun Faransa ta Alliance a Garwa ko gidan al'adu na Baba Moustapha a Njamena, wanda aka sa wa sunan marubucin wasan kwaikwayon nan na Cadi da ya rasu a 1982. Akwai wanda ya kutso cikin jama'a suka kewaye shi ta gefe uku, irin na gidan wasan Globe da aka gina a Landan a 1599. Akwai kuma da'ira, inda jama'a suka yi zobe. Shi ne namu na gado, kuma shi aka fi samu a ƙofar fada ko bakin kasuwa ko filin makaranta. Tun ranar farko darakta ya je ya ga wurin, ya auna shi da taku, ya dawo ya shata girmansa da toka a inda ake gwaji, har da ƙofar shiga da ta fita.

A fage mai fuska ɗaya, abin da aka fi yi shi ne juya wa jama'a ƙeya, ko kuma a jeru sahu guda kamar masu jiran ɗaukar hoto, kowa na jiran layinsa ya zo. In mutum biyu na magana, kada su fuskanci juna gaba da gaba. Kowa ya ɗan buɗe ƙirjinsa wajen jama'a, ƙafar da ke nesa da 'yan kallo ta ɗan shiga gaba. In za ka yi nuni ko ka miƙa abu, yi da hannun da ke nesa da su, don kada damtsenka ya rufe maka fuska. In ku uku ne, ku tsaya kusurwa uku, wanda maganarsa ta fi nauyi ya kasance a tsakiya daga baya. A nan al'adarmu ta riga ta yi mana rabin aiki, amma ba mu amfani da ita. Maigida na kan kujera, ɗansa ya tsuguna, uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta ɗan kau da kai: kafin kowa ya buɗe baki, na nesa ya san wa ke da iko, wa ke roƙo, wa ke da magana a ciki bai faɗa ba. Ranar da ɗan ya miƙe tsaye yana wa uban magana, ba sai an rubuta masa doguwar tirjiya ba, jama'a da kansu za su ɗauki salati.

A da'ira kuwa dokar ta juye. Ko ina ka juya akwai wanda ka ba baya, saboda haka laifin shi ne ka daɗe a haka. Masu tashe da 'yan kama da 'yan gambara ba wanda ya koya musu wannan a aji, amma ka lura da su: ba sa kafewa wuri ɗaya, suna zagayawa, kowane gefe ya sami rabonsa na fuska. Ɗan wasa ya yi koyi da su, sai dai kowane motsi ya zama da dalili, ya je ɗauko buta, ya bi wanda ke guje masa, ya juya don fushi. Mutum biyu su goce wa juna kaɗan, yadda wanda ke bayan ɗaya zai hango fuskar ɗayan. A bar hanyoyi biyu zuwa huɗu a cikin zoben, in akwai dogon jawabi a yi shi a bakin hanya, baya na kallon inda ba kowa. Kada a shigo da dogayen kaya da za su tare gani, turmi da tabarma da kujera 'yar tsugunno sun isa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun shekarun 1970 aka gina gidan wasa na laka a kan fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida, don an gane irin fagen da ya dace da mu ke nan.

Wani abu da kowa ke gani ba a faɗa: in an kafa rumfa an zaunar da Lamiɗo ko wakilinsa da jami'an gwamnati, sai wasan gaba ɗaya ya karkata can, sauran jama'a su wuni suna kallon ƙeya. Girmama manya wajibi ne, a gaishe su da kyau a farko. Bayan nan wasa na kowa ne. Haka kuma a duba rana. In da la'asar ne, 'yan kallo su ba yamma baya, hasken ya sauka a fuskar 'yan wasa. In da dare ne, kwan fitila ɗaya a tsakar ka yana mayar da idanu ramuka, gara biyu daga gaba, dama da hagu, a ɗaga su sama da kai.

Yanzu ga wasan kansa. Da yawa sun ɗauka haddace layi shi ne aikin. Za ka ga ɗan wasa idonsa a sama yana bitar abin da zai faɗa, bai ma ji abin da abokinsa ya ce ba. Konstantin Stanislavski, wanda suka kafa gidan wasan fasaha na Mosko a 1898, ya gina koyarwarsa a kan tambayar abin da mutumin da kake kwaikwaya yake nema a wannan fitowa. A ce ke ce uwar da ke son a bar 'yarta ta gama makaranta. "Ina baƙin ciki" ba abin da za a iya wasa da shi ba ne, shi ke kai mutum ga faɗuwa ƙasa da birgima. "Ina so Malam ya janye maganar auren nan kafin baƙi su iso" kuwa aiki ne. Za ki lallashe shi, in bai yi ba ki tuna masa alkawari, in bai yi ba ki ambaci yayarsa da yake jin nauyi. Kowace dabara tana canza murya da tsayuwa ba tare da an ƙaƙaro ba, kuma dole ki saurare shi don ki san ko ta ci.

Daga rashin wannan ne ake samun tsohon da kullum a duƙe yake yana karkarwa da garin alli a gemu, da Alhajin da ba abin da ya iya sai shafa tumbi. A je a zauna a majalisar dattawa a unguwar Hausare ko kasuwar Marwa a kalli yadda tsofaffi na gaske ke zama da tashi. Da yawansu sun fi samari miƙewa, a hankali kawai suke yin komai.

Mai ban dariya kuma a ja masa linzami. Wasa ba rubutu, kowa na ƙago magana nan take, hanya ce da muka gada kuma tana da daɗi, amma in ba ƙashi sai ta zube. Kowace fitowa a tsayar da jimlar buɗe ta, da abin da dole ya faru a cikinta, da jimlar rufe ta. In jama'a sun fashe da dariya a dakata, a riƙe hali, sai ta fara sauka a ci gaba, in ba haka ba layin da ke biye ya tafi a banza. Wanda dariya ke kuɓuce masa a fage, a maimaita wurin a gwaji har abin ya daina ba shi dariya.

Wasan faɗakarwa na da tasa cutar. Ana cikin labari mai daɗi, sai ga wani da farar riga ya shigo a matsayin likita, ya tsaya minti goma yana karanto darasi. Nan take mata ke fara gyara goyo. Augusto Boal na Brazil ya fito da wata hanya a shekarun 1970: a kai labari inda ya cije, a tsaya, a tambayi jama'a abin yi, wanda ya ba da shawara ya shigo fage ya gwada ta. A nan Kamaru ma an yi irin wannan aiki na wasa da mutanen karkara, a taron Kumba na 1984 da Hansel Ndumbe Eyoh ya jagoranta. Mai tambayar ya zama mai haƙuri da iya baki, kada ya nuna akwai amsar da ya riga ya riƙe a aljihu.

Harshe kuma a yi hattara. A Garwa ko Marwa, cikin masu kallonka akwai wanda Fulatanci ya fi ji, akwai mai Faransanci, in Kusiri ne ko Njamena ga Larabcin Shuwa. Tsayar da wasa don tafinta ya fassara yana kashe shi. Gara a bar kowa ya yi harshen da irinsa ke yi a gari, muhimmiyar magana kuma wani ya maimaita ta cikin amsarsa da wani harshen, yadda ake yi a kasuwa kullum. Kwaikwayon karin harshen wata ƙabila don a yi dariya kuwa, wasan Fulani da Barebari yana da iyakarsa da kowa ya sani, abin da ya wuce nan a bar shi, don wanda kake kwaikwaya yana zaune a gabanka da iyalinsa.

Saura lokaci. An ce ƙarfe huɗu, manyan baƙi sun iso biyar, an yi jawabai, wasan awa ɗaya da rabi ya fara. Ana kai wa inda labari zai warware sai ladan ya kira magariba, fili ya watse. Wasan fili kada ya wuce minti 30 zuwa 40, kuma darakta ya riƙe fitowa ɗaya ko biyu da za a iya cirewa ba tare da labari ya karye ba. Canjin kaya tsakanin fitowa shi ma yana cin lokaci: a naɗa mutum ɗaya da ba ya cikin wasan, a ba shi takarda da jerin kayan kowace fitowa da gefen da za su shigo, kalangu ko waƙa su riƙe jama'a har a gama. Gwajin ƙarshe a yi shi a ainihin wurin, a ainihin sa'ar, da cikakkun tufafi, domin babbar riga da lafaya suna canza taku, kuma wanda bai saba tsugunawa da su ba zai taka bakinsu.