Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙirƙirar Ajin Mutuwa a Wasan Tebur

Duk wanda ya ɗan jima yana jan wasan Dungeons & Dragons a Kaduna, wato wasan tebur da kowa ke ɗaukar jarumi guda a cikin labarin da mai jan wasa ke jagoranta, ya san cewa da zarar sabon ɗan wasa ya fara gane dokoki, abin da ke biyo baya shi ne ya turo takarda ta WhatsApp da tsakar dare, yana cewa ya ƙirƙiri nasa ajin jarumi, wato nau'in jarumi mai nasa dokoki da baiwa, a duba masa. Mafi yawan lokuta kuwa ajin na mutuwa ne: mai tada kwarangwal, ko mai girbar rayuka da lauje, ko wanda kabari ya ƙi karɓa. Ba na ganin laifin wannan sha'awa, domin tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974 mutane suke ƙara masa abin da ransu ke so. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kurakuran iri ɗaya ne suke ta dawowa, daga Kawo har Barnawa, kamar a wuri guda ake kwafo su. Alƙaluman da zan kawo duk na bugu na biyar ne, kamar yadda ya fito a 2014, tunda shi ne a hannun yawancinmu.

Kuskuren da ya fi kowanne cutarwa shi ne rundunar kwarangwal. Mai ƙirƙira yakan rubuta cewa jaruminsa yana tada gawa ɗaya a kowane matakin girma da ya kai, ko kuma duk abokin gabar da ya faɗi zai tashi ya bi shi, ba tare da iyaka ba kuma ba tare da biyan komai ba. Idan aka yi magana sai ya ce ai kwarangwal ba shi da ƙarfi, jininsa, wato makin ransa, 13 ne kacal, bugu biyu ya wargaje. Gaskiya ne, amma a yi lissafin. Kibiyar kwarangwal ɗaya tana yin ɓarnar ɗan lido mai fuska shida da ƙarin 2, wato 5 da rabi a matsakaici, don haka kwarangwal takwas, idan duk suka samu, sun yi 44 a zagaye guda. Mayaƙi a mataki na 5, da babban takobinsa da ƙarfin 18, sara biyu yake yi, kowane 11 a matsakaici, jimilla 22. Ke nan bayin mai tada gawa sun ninka mayaƙi tun kafin ubangidansu ya ɗaga hannu ya yi nasa sihirin.

Ba ma ɓarnar ce ta fi ɓata mini rai ba, lokacin da ake ci shi ne. Kowane kwarangwal sai an matsar da shi a kan taswira, an jefa masa ɗan lido mai fuska ashirin, an duba ko ya samu, an sake jefa na ɓarna, sannan mai jan wasa ya rubuta. Ko da rabin minti kowane ya ɗauka, takwas sun ci minti huɗu, kuma haka za a maimaita a kowane zagaye, alhali wadda take wasa da ɓarauniya bugu ɗaya za ta yi ta koma jira. Mai irin wannan aji kamar wanda ya shiga layin mai ne da jarkoki goma, yana cewa ai shi ma mutum ɗaya ne a layi. Wannan abu ya taɓa watsa mini tebur. Mutane ne da suke tsallako gada daga kudancin gari a keke Napep, ga cunkoso, ga dole a tashi kafin dare ya yi nisa, sai ya zamana faɗa ɗaya ya cinye tsakanin La'asar da Magariba, ana sallamewa a dawo a tarar ba a gama da shi ba. Ba wanda ya yi faɗa da kowa. Wayoyi ne suka fara fitowa a ƙarƙashin tebur, sai uzuri ya fara yawa ranar Asabar, har aka wayi gari mai kwarangwal ne kaɗai ke tambayar yaushe za a zauna.

Masu dokokin asali ba su bar abin haka sakaka ba, kuma ya kamata mai ƙirƙira ya karanta yadda suka ɗaure shi kafin ya ɗauki biro. Sihirin tada gawa na daraja ta 3 ne, matsafi ba ya samunsa sai a mataki na 5, yana ɗaukar minti guda cur kafin ya kammala, wato ba a yinsa a tsakiyar faɗa, kuma ikon da yake bayarwa awa 24 ne kawai. Idan ana son ci gaba da riƙe bayin, sai an sake kashe gurbin sihiri, wato ɗaya daga ƙidayayyun damar yin sihiri da matsafi ke da su, kowane gurbi yana riƙe huɗu. Matsafi a mataki na 5 gurbi biyu gare shi na wannan daraja, kuma da su ne zai jefa dunƙulen wutar nan mai 'yan lido takwas. Duk kwarangwal ɗin da ke bin sa, da wutar da bai jefa ba ya saye shi. A teburina na wuce nan ma: bawa ɗaya nake yarda da shi, yana motsi a lokacin ubangidansa, jininsa da bugunsa suna ƙaruwa da mataki. Sihirin kiran fatalwa da aka ƙara a 2020 ma haka yake, halitta ɗaya ce, tana buƙatar mai ita ya riƙe hankalinsa a kanta, kuma ba ta wuce awa guda. Wanda ya nace sai ya ga taro a bayansa, to a rubuta taron a matsayin halitta ɗaya, jini ɗaya, jifa ɗaya, ya siffanta su da baki yadda ya ga dama. Akwai masu jan wasa da ke ganin na tsananta, amma ba su ne suka zauna suna kallon kujeru babu kowa ba.

Kuskure na biyu shi ne lada a kan kisa. Kusan kowace takarda tana da layin da ke cewa duk lokacin da jarumin ya kashe wata halitta zai sami rai guda a ajiye, ko jininsa zai ƙaru. Kalmar halitta ita ce ramin. Na ga ɗan wasan da, da aka shiga wani gari a cikin labari, bai nemi makami ba, bai nemi masauki ba, sai ya tambayi inda ake sayar da kaji. Ya sayi akurki guda ya ɗora wa jaki, kuma kafin kowane faɗa sai ya ce ya yanka uku, a rubuta masa rayuka uku. Da na ɗaga kai na dube shi, sai ya juyo mini da takardar ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Yaya, ai halitta aka rubuta, kaza kuwa halitta ce." Kuma gaskiyarsa. 'Yan wasa na ƙasashen waje sun daɗe da sanin wannan dabara, da jakar ɓeraye suke misalta ta.

Ku masu rubuta irin wannan layi, don Allah ku riƙa karanta abin da kuka rubuta da idon wanda zai nemi ya ci riba da shi, ba da idon wanda ke sha'awar kansa ba. Ba ku ga yadda aka rubuta wa matsafin makarantar gawa a littafin dokoki ba? Yana samun jini idan ya yi kisa, amma sau ɗaya a kowane juyi, kuma sai da sihiri mai daraja ta 1 ko sama, abin da yake samu ninki biyu ne na darajar sihirin, ko ninki uku idan sihirin na gawa ne, sannan ba ya samun komai daga gawa mai tafiya ko mutum-mutumi. Sharaɗi huɗu a kan baiwa ɗaya, ku kuwa kun zo da layi guda babu ko waƙafi, kuna cewa mai jan wasa ya yi amfani da hankalinsa. Ba aikin mai jan wasa ba ne ya riƙa toshe ramin da kuka haƙa yayin da yake riƙe da dodanni biyar da labari a kansa.

Ko an toshe maganar kaji, akwai sauran rina a kaba, domin ladan da ya rataya a kan wanda ya yi bugun ƙarshe yana lalata zumuncin tebur. Sai ka ji ana ce wa mayaƙi ya dakata, kada ya ƙarasa dodon, a bar wa mai girbar rai, mayaƙin kuwa shi ne ya sha duka tun farkon faɗan. Abin da nake yi shi ne in mayar da sharaɗin ya zama mutuwar duk wani abokin gaba na gaske a cikin ƙafa 30 daga jarumin, ko wane ne ya kashe shi. Da haka mai ajin mutuwa sai ya koma yana murna da bugun abokansa. Yawan rayukan da zai iya ajiyewa kuma ba ya wuce makin ƙwarewarsa, wanda ke farawa daga 2 ya tsaya a 6, kuma idan aka yi dogon hutu duk su watse. Idan jini ne ladan, na wucin gadi nake bayarwa, tunda dokar wasa ta riga ta ce irinsa ba ya taruwa a kan juna.

Sai kuma jarumin da ba ya mutuwa. Mai ƙirƙira yakan ce tunda ajin na mutuwa ne, ai mutuwa ba za ta taɓa ɗanta ba, don haka tun mataki na 1 ya rubuta cewa idan jini ya ƙare zai tashi. Wasan kansa ya riga ya yi sassauci: wanda ya faɗi yana jifan tsira, 10 ko sama nasara ce, kuma ko ba wanda ya taimake shi, kusan kashi 60 cikin ɗari yana tsira. Inda dokoki suka ba da tashi daga faɗuwa, sun yi shi da awo. Jinsin rabin-orc, wato ruwa biyu tsakanin mutum da dodo, sau ɗaya yake yi kafin dogon hutu, ajin mai fushin yaƙi kuwa sai a mataki na 11, da jifan da ke ƙara wuya da maki 5 duk lokacin da aka maimaita. Haka ma kisa da kalma ɗaya: sihiri ne na daraja ta 9, sai a mataki na 17, kuma a dokar 2014 ba ya cin wanda jininsa ya haura 100. Wanda ya ba jaruminsa wannan a mataki na 3 ya dawo da takardarsa gida.

Da an nuna wa mai ƙirƙira cewa ajinsa ya yi ƙarfi, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce ai yana da rauni, mutanen gari suna ƙyamarsa, ba a sayar masa da abinci, karnuka suna yi masa haushi. Wannan ba biya ba ne. Ƙyamar mutanen gari ba ta rage masa bugu ko ɗaya a fagen faɗa, illa ma ta jawo labarin ya koma kansa, a bar neman da aka fito yi a tsaya ana lallashin mai masauki. Ƙarfin da ke cikin alƙaluma, da alƙaluma ake biyansa: ƙarancin jini, ko rashin sulke, ko gurbin sihiri da aka rasa.

Sauran ƙanana ne. Kada a haɗa cikakken sihiri da ɗan lido mai fuska goma sha biyu na jini da sulke mai nauyi, matsafi mai fuska shida gare shi, kuma da dalili. Jifan kariya biyu na kauce wa sihiri ko tarko da ake ba kowane aji ƙwarewarsu, ɗaya daga manya ne, wato zafin nama ko juriya ko basira, ɗayan daga ƙanana, ba a ɗaukar manya biyu. Kada a zuba mafi kyawun baiwa a mataki na 1 da na 2, domin masu haɗa aji biyu za su tsoma ƙafa su kwashe su wuce. Wanda duk ɓarnarsa ta ruɓewa ce zai zama ɗan kallo ranar da aka shiga kogon fatalwa, tunda da yawansu ba sa jin ta sosai, wasu ma ba sa ji sam, sai a ba shi wata hanya ta biyu. Kuma a daina ɓata dare wajen ƙawata mataki na 20 alhali na 2 zuwa na 7 fayau suke, ni dai teburan da na sani a ƙananan matakai suke rayuwa.

Akwai abin da takardun da ake kwafowa daga intanet ba sa la'akari da shi, wato wurin da muke. A nan mutuwa ba ado ba ce. Wanda ke zaune kusa da kai wataƙila makon jiya ya dawo daga zaman makoki a Tudun Wada, wata kuma daga jana'iza a coci a Sabon Tasha, kuma babu ɗayansu da ya zo don ya ji ana siffanta tone kabari dalla-dalla. Kuskure ne a kawo irin wannan aji ba tare da an tambayi kowa a keɓe ba, kuma idan mutum ɗaya ya nuna bai so, an bar maganar ke nan. Na lura ma cewa ajin yakan fi daɗin wasa idan aka juya shi, ya zama mai tsaron makwanta ne wanda aikinsa hana a taɓa matattu, ba mai bautar da su ba. Kamfanin Wizards of the Coast mai buga wasan ya fitar da reshen aji irin wannan a 2017, mai gaba da gawarwaki masu tafiya, mai ceton wanda ke bakin mutuwa daga nesa. Irin wannan jarumi ba ya buƙatar runduna, don haka rabin matsalolin da na lissafa ba sa tasowa.

Kafin in yarda aji ya hau teburina, sai mun zauna da mai shi mu biyu mun gwada. Faɗa ɗaya muke shiryawa, mu buga shi da ajinsa, sannan da mayaƙi, sannan da matsafi na littafi, a mataki na 1, da na 5 inda sara na biyu da sihirin daraja ta 3 suke shigowa, da na 11. Ba faɗa ɗaya a yini muke ƙiyastawa ba, muna jera uku ko huɗu ba tare da dogon hutu ba, domin a nan ne ake gane ajin da ba ya gajiya. Ina ajiye waya a gefe tana ƙirga lokacin da kowane juyi ya ci. Idan ajin ya fi mayaƙi ɓarna kuma ya fi shi jure duka, mu rage ɗaya daga ciki. Idan juyinsa ya ninka na matsafi tsawo, mu yanke yawan jifa. Sannan mai shi ya amince tun farko cewa bayan zama na uku za a sake duba takardar, kuma abin da sauran 'yan tebur suka ce a cire, za a cire shi.