Sayar da tsoffin sulallan azurfa: launin tsufa ko rini?

Azurfa tana canza launi ne idan farar wuta da ke cikin iska, takarda ko buhun ajiya ta taɓa ta. Dalolin Morgan, wato sulallan azurfa na Amurka, da aka buga daga 1878 zuwa 1904 da kuma 1921, da yawansu sun sami launinsu ne a buhunan zane. Masu tara tsoffin sulalla na biyan ƙari a kan irin wannan launi, shi ya sa 'yan damfara ke ƙirƙiro shi da zafi ko sinadari.

Ka ɗauki gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, ka karkata sulen a ƙarƙashin fitila guda. Launin asali yana tafiya bi da bi: ruwan zinariya, ja, shuɗi, sannan kore, ƙyallin azurfar na fitowa ta ƙarƙashinsa. Ka duba gefen haruffa da shekarar bugu, sau da yawa za ka ga siririn fili da launin bai kama ba. Rini kuwa yakan kwanta a sama kamar fenti, ya haye haruffa da fili bai ɗaya, da dabbare-dabbaren shunayya.

Kada ka wanke sule ko ka goge shi, darajarsa za ta faɗi.

PCGS da NGC, kamfanonin tantance sulalla na Amurka, suna auna inganci daga 1 zuwa 70, amma ba sa ba sulen da suke zargin an rina lambar inganci. Kafin ka sa farashi, ka tabbatar da lambar shaidar da ke jikin kwanson robar da suke rufe sulen a ciki a shafinsu na intanet, ka duba nawa aka sayar da irinsa a gwanjo kwanan nan. Hoto kuma a ɗauka gaba da baya, ba gyaran launi.