Yadda za ku haɗa kai ku gyara maƙalolin sauyin al'umma a Wikipedia

In ka leƙa maƙalolin da suka shafi sauyin al'umma a Wikipedia, irin su zanga-zanga, gwagwarmayar 'yancin mata ko kwararar mutane daga ƙauye zuwa birni, sau da yawa labarin ranar da abu ya fashe kawai za ka tarar, abin da ya jawo shi da abin da ya biyo baya babu. Gyara wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ko ku biyar ne za ku iya.

Da farko kowa ya buɗe nasa akawun, an hana mutane da yawa amfani da guda ɗaya. In kuma wuri ɗaya za ku taru to kowa ya buɗe tun kafin ya zo, don Wikipedia ta Turanci ba ta barin a buɗe fiye da 6 a rana daga layin intanet guda.

Sai ku zaɓi fanni ƙarami, kar ku ce duk duniya za ku gyara. Ku yi jerin maƙalolin da babu su kwata-kwata, waɗanda linkinsu ke fitowa ja, da waɗanda akwai amma layi uku ne, kowa ya sa sunansa gaban wadda ya ɗauka. Haka masu Women in Red, wato masu sa kai da ke rubuta tarihin matan da babu su a Wikipedia, suka fara a 2015, lokacin tarihin mata bai wuce kashi 15 da ɗoriya cikin 100 na tarihin mutanen da ke Wikipedia ta Turanci ba, yanzu ya kai wajen kashi 20.

Majiya kafin rubutu, nan fa aikin yake. Littafi, mujallar bincike, jaridar da aka san tana tantance labari. Abin da aka turo a WhatsApp ba majiya ba ne, haka "ai da idona na gani", ko da gaskiyarka. Ɗauki Tunisiya, kowa ya san Mohamed Bouazizi, wani matashi mai sayar da kayan marmari, ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba 2010 a Sidi Bouzid, zanga-zanga ta ɓarke har shugaban ƙasar, Ben Ali, ya tsere 14 ga Janairu 2011, to amma maƙala mai kyau sai ta faɗi rashin aikin yi da ya daɗe yana cin matasa kafin nan, ta kuma bi labarin har zuwa sabon tsarin mulkin 2014 da abin da ya faru bayansa. Shi ya sa gara ku raba, wani ya ɗau musabbabi, wani sakamako, wani kuma aikinsa kawai ya bi kowace jimla ya ga ko majiyar ta faɗi hakan da gaske. Wanda akawun ɗinsa ya yi wata 6 da gyara 500 zai iya neman shiga Wikipedia Library ya karanto muku mujallu kyauta.

Ku fara rubutun a shafin gwaji, sannan ku ba wanda ra'ayinsa ya saɓa da naku ya karanta. Ni a ganina wannan ne ya fi wuya, don galibin masu son irin wannan aikin suna da ɓangare. Kar ku rubuta "jarumai", kar kuma ku rubuta "'yan tada zaune tsaye", ku ce wane ya kira su kaza, ga majiya. In mutumin da ake magana a kai yana raye to ku ƙara taka-tsantsan, zargin da ba shi da hujja cire shi ake nan take.

In wani ya goge muku aiki kar ku yi ta mayarwa, a Wikipedia ta Turanci mayarwa fiye da sau 3 cikin awa 24 na iya sa a toshe ka, kuma kiran abokai su zo su taya ka ja-in-ja shi ma laifi ne. Ku je shafin tattaunawa ku kawo hujja.

Hoto kuwa sai wanda ku kuka ɗauka ko mai lasisin kyauta ake ɗorawa a Commons, ma'ajiyar hotunan Wikipedia, kuma ku yi tunani kafin ku sa fuskar mai zanga-zangar da hakan zai iya jefa shi cikin matsala. Daga nan kowa ya sa maƙalolin cikin jerin waɗanda yake sa wa ido, don irin waɗannan shafukan ba a rasa mai zuwa ya cusa nasa ra'ayin.